Ɗana, Ka San Ƙasar Da Kake Takawa

 Akwai maganar da na daɗe ina son yi da kai, kuma kada gabanka ya faɗi, ba laifi ka yi ba. Abu ne da nake gani a wurinku, ku matasan yanzu, yana kwana yana tashi a raina, domin ina jin ku a majalisa kuna lissafa ƴan ƙwallon Ingila da na Sifen ɗaya bayan ɗaya har da kuɗin da aka saye su, kuna faɗin abin da shugaban Amurka ya ce daren jiya, amma da za a ce wani a cikinku ya faɗi inda gulbin da ya ratsa Gusau ya taso da inda ya nufa, sai kowa ya kama duban ɗan'uwansa. Sanin duniya alheri ne, ku sani, ku ƙara sani, Allah ya ƙara buɗa muku. Roƙona kawai shi ne kada na nesa ya shagaltar da ku daga na kusa, saboda mutumin da bai san ƙasarsa ba shi ne ake ruɗa da sauƙi, shi ne yake saurin yanke ƙauna, kuma shi ne yake ɓata abin da ya gada ba tare da ya san ɓarna yake yi ba.

Fara da ruwan da kake sha. Gulbin nan da yake ja da baya da rani har yara su yi wasa a yashinsa, da damina kuma ya cika ya batse, shi ne Gulbin Sakkwato. Daga wajen Funtuwa ya taso, ya biyo ta Gusau, ya wuce ta Bunguɗu, ya tafi har Bakolori kusa da Talatar Mafara inda aka datse shi da madatsar da aka kammala a 1978, daga nan ya je ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato, ya karkata kudu ta Argungu da Birnin Kabi, ya faɗa Kogin Kwara. Kwara kuwa a Lakwaja take haɗuwa da Binuwai, su gangara tare har teku. Muna da wasu gulaben kuma, Gagare da ya bi ta Ƙauran Namoda, da Bunsuru ta wajen Zurmi, da Gulbin Zamfara da ya ratsa ƙasar Anka da Gummi, da Gulbin Ka can kudu. Na faɗa maka wannan ne domin ka gane cewa ledar da ka jefa a kwata a Tudun Wada, da baƙin man da bakanike ya tuttular a magudana, ba su ɓace ba don ka daina ganinsu, gaba suka yi, kuma a gaba akwai mai lambu a fadamar Bunguɗu, akwai mai shayar da shanu, akwai uwar da za ta ɗebi ruwan ta dafa wa ƴaƴanta. Haƙƙin maƙwabtaka da addini ya ɗora mana ya haɗa da mutumin da ke ƙasa da kai a bakin gulbi ko da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Haka nan sararin da ke bisa kanka. Hazon da ke rufe mana gari a Disamba da Janairu, ya busar da leɓe ya tsattsaga dunduniya, ƙura ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, da yawanta daga wani babban kwari a arewacin Chadi inda a zamanin da ruwan tafki yake kwance. Ruwan sama kuwa, ko da yake hadarinsa daga gabas muke ganin ya taso, danshinsa daga tekun Atalantika yake zuwa, ta kudu maso yamma. Shi ya sa damina take sauka a Legas kafin Kaduna, a Kaduna kafin Tsafe, a Tsafe kafin Maraɗi, idan kuma za ta tafi sai ta fara barin na arewa. Kakanninka ba su karanta wannan a makaranta ba, amma sun lura da shi shekara da shekaru, saboda haka ba su cika rawar jiki da ruwan farko ba, sukan jira ƙasa ta sha sosai kafin su zuba irin da suka ɓoye tun kaka, domin sun sha ganin wanda ya yi gaggawa ya yi shuka biyu. Sun san gero ne ke fara fitar da gida daga yunwa, dawa tana biyo baya, sun san wake da gyaɗa suna gyara gona, sun san gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa amfanin gona rana da taki, don haka ba sa sa masa gatari. Yau ina ganin buhunan gawayi jere a bakin hanya, kuma na san kowane buhu kirya ce ko marke ko kaɗanya da ta yi shekaru tana girma. Ban zargi mai neman abin sawa a baki ba, talauci ba shi da daɗi, amma kai da Allah ya ba karatu, ka san cewa gonar da aka tsiraita iska da ruwa ne suke kwashe ta.

Yanzu zo mu bi hanya. Idan ka taso daga Funtuwa ka wuce Ƴankara, ka shigo ƙasar Tsafe, akwai wuri da ake kira Ƴandoto. Mutane da yawa suna wucewa a mota ba su ko waiwaya ba, alhali tsohon gari ne na malamai da fatake, wanda sunansa ya kai nesa tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Gusau. Labarin gargajiya ma yana cewa Korau, wanda ya karɓi sarautar Katsina, daga Ƴandoto ya fito. Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804 jihadi ya tashi, malaman Ƴandoto suka rabu, wasu suka karɓi kiran, wasu suka ƙi, har Muhammadu Bello ya kawo yaƙi aka ci garin, jama'arsa suka watse. Daga cikin waɗanda suka bi Shehu akwai Malam Sambo Ɗan Ashafa, shi ne ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19. Wannan yanki namu a da ɓangare ne na ƙasar Katsina ta yamma, wadda ake ce wa Katsinar Laka, shi ya sa har gobe sarautar Gusau take Sarkin Katsinan Gusau, ta Tsafe kuma Ƴandoton Tsafe. Idan ka ƙarasa yamma zuwa Bunguɗu sai ka tarar da Sarkin Fulanin Bunguɗu.

Tsakanin Tsafe da Gusau kuma ga Dutsen Kwatarkwashi, wanda ba mai wucewa bai ɗaga kai ya dube shi ba. Ina so duk ranar da ka dube shi ka tuna cewa a watan Fabrairu na 1903, bayan Turawan Ingila sun shiga Kano, rundunar Kanawa da ke dawowa daga Sakkwato ta gamu da sojojinsu a wannan yanki, aka gwabza, Wazirin Kano Ahmadu ya rasu a fagen tare da jama'a masu yawa. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Maris, Sakkwato ma ta faɗa hannunsu. Mutane ne masu dawaki da masu da takubba suka fuskanci bindigogin da ba su taɓa gani ba, sun san abin da zai iya samunsu, amma ba su juya ba. A ƙasar ƙaramar hukumar Bunguɗu aka yi wannan, a gefen hanyar da kake bi kana danna waya.

Sunan Zamfara kansa ya girmi jihar nesa ba kusa ba. Daula ce da ta yi zamaninta, tana da babban birni, har Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 suka gina Alƙalawa a ƙasarta. Alƙalawar da aka gina da ƙarfin yaƙi ita ma ta faɗi a 1808. Shehu kansa, tun kafin jihadi, ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara. Gidan Sarkin Zamfara ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka inda yake yau. Daga baya aka sa mu a Lardin Sakkwato, a 1967 muka shiga Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 muka zama Jihar Sakkwato, sai ranar 1 ga Oktoba 1996, zamanin Janar Sani Abacha, aka yanke Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14, Gusau ta zama babban birni. Muna iyaka da Katsina da Kaduna da Neja da Kabi da Sakkwato, ta arewa kuma muna taɓa Jamhuriyar Nijar. Wanda ya san wannan jerin hawa da sauka ba ya ɗaga hanci idan nasa ne a kan mulki, ba ya kuma zama ya rungume hannu yana cewa an gama da mu idan zamani ya yi tsanani, domin ya san ƙasar nan ta ga yaƙi, ta ga yunwa, ta ga watsewar birane, kuma jama'arta sun sake tashi sun yi shuka.

Ba sai na faɗa maka halin da muke ciki ba, ɗana. Ka san yadda ake addu'a kafin a hau hanyar Tsafe, ka san ƙauyukan da suka zama kufai, ka ga mata da yara da suka baro gidajensu suna kwana a kangaye a Gusau, ka tuna 2021 da aka kwashe ɗalibai mata a Jangebe, aka kuma rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. Zuciyata tana ciwo idan na tuna, kuma wanda ya kashe rai ko ya sace mutum azzalumi ne ko wane yare yake yi, Allah zai tambaye shi, hukuma ma wajibinta ne ta tambaye shi. Abin da nake tsoro a kanka shi ne baƙin ciki ya kai ka ga yi wa ƙabila guda kuɗin goro. Dubi sarautun nan da na lissafa maka, su kaɗai sun isa su nuna maka cewa Bakatsine da Bazamfare da Bafulatani a ƙasar nan sun daɗe da cakuɗuwa, sun yi auratayya, sun yi makaranta ɗaya, sun bi liman ɗaya. Da za ka bi asalin gidanku sosai, da wuya ka kai kaka na huɗu ba ka ci karo da Bafulatana ko Bagobira ko Bakabiya ba. Magabata sun san zama tare yana da ƙaiƙayi, shi ya sa suka bar mana wasan barkwanci tsakanin Bagobiri da Bayarabe, tsakanin Bafulatani da Babarbare, tsakanin Bakano da Bazazzagi, domin a riƙa fitar da abin da ke ciki da dariya kafin ya taru ya zama gaba.

Kuma akwai tsarin da ya riƙe zaman, wanda ku ba ku tarar da shi da ƙarfinsa ba. Akwai burtali, hanyar shanu da kowa ya san iyakarta, ba a nome ta. Akwai mashaya da makiyaya da aka keɓe. Bayan an kawar da amfanin gona manomi da kansa yake gayyatar makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, a ba shi hatsi, matarsa ta kawo nono gidan. Idan dabba ta yi ɓarna, mai unguwa da arɗo su zauna su kimanta a biya. Da jama'a suka ƙaru, aka nome burtali, aka raba dazuzzuka ga masu hali, shari'a ta fara bin mai kuɗi, makamai suka shigo, sai abin da ake kashewa a zaure ya koma daji. Faɗin haka ba wanke mai laifi ba ne. Ina faɗa maka ne domin gobe ku ne za ku zama alƙalai da hakimai da ƴan majalisa da malaman gona, kuma wanda bai san yadda abu ya lalace ba, ba zai san ta inda zai kama gyaransa ba.

Bari in koma kan Gusau, saboda akwai abin da nake so ka lura da shi idan ka bi ta wajen tashar jirgin ƙasa. Layin dogon nan daga Zariya ya taso, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Shi ya mayar da Gusau babbar kasuwa. Auduga da gyaɗa da taba da fatu suka riƙa taruwa nan daga ƙauyuka a kan jakuna da raƙuma, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, Yarabawa da Ibo da Nufawa da Kwarori suka zo suka zauna, Sabon Gari ta cika. Aka yi gidan gurzar auduga, aka yi matatsar man gyaɗa, a shekarun 1960 aka kafa masaƙar Zamfara, wadda ta ciyar da gidaje masu yawan gaske. Yau jirgin ya daina zuwa yadda yake zuwa, masaƙar ta yi shiru, domin da kuɗin man fetur suka shigo an yi sakaci da noman auduga, wutar lantarki ta gaza, yadin waje mai araha ya cika kasuwa. Abu biyu nake so ka ɗauka a nan. Arzikin garin nan daga gumin manomi ya fito, saboda haka kada digirinka ya sa ka ji kunyar fartanya ko ka yi wa mutumin ƙauye kallon banza a layin asibiti. Sannan baƙi suna cikin waɗanda suka gina shi, saboda haka idan ka ga ɗan kudu ya zo karatu Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ko ya zo hidimar ƙasa, ka karɓe shi kamar yadda kakanninka suka karɓi nasa kakannin.

Idan kuwa kana ganin duk wannan hira ce ta tsofaffi wadda ba ta kashewa ba ta rayawa, to ka saurari abin da ya faru a 2010. Allah ya ajiye zinariya a ƙasarmu, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka riƙa haƙo duwatsunta suna kawowa cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba su san cewa dutsen yana ɗauke da dalma ba, kuma ƙurarta guba ce da ke cin ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro. Yara suka fara suma da farfaɗiya, aka yi ta zaton iska ce ko zazzaɓi, har likitocin ƙungiyar MSF suka lura aka gano dalilin. Yara fiye da 400 suka rasu, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Ƴargalma da Bagega, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Iyayen nan suna son ƴaƴansu kamar yadda mahaifiyarka take son ka, abinci suke nema musu. Da a ce a kowane ƙauye akwai saurayi ɗaya da ya san abin da ke cikin dutsen, yana kuma da ladabin da zai sa dattawa su saurare shi, da wataƙila an rage kaburbura. Har yanzu ana haƙar, saboda haka duk inda ka ga ana daka dutsen ma'adini a cikin gida, ka yi magana, cikin girmamawa, amma ka yi.

Wannan magana har da ke, ƴar'uwata, idan takardar nan ta kai hannunki. Ke ce za ki fara faɗa wa yaro sunan garinsu da sunan kakansa, ke ce kike sanin rijiyar da ruwanta ya canja ɗanɗano, ke ce kike ganin lokacin da farashin tiyar masara ya fara hawa tun mazan ba su ankara ba. A nan Gusau akwai kwalejin ilimi ta tarayya ta fasaha wadda aka keɓe domin mata, akwai jami'a, akwai makarantun Islamiyya a kowace unguwa. Ki nemi ilimi iyakar ƙarfinki, kuma abin da kika ji daga bakin kakarki na magungunan gida da lissafin dangi da yadda aka tsira a shekarun yunwa, ki riƙe shi da daraja, ki auna shi da abin da likita da malami suka faɗa miki.

Hanyar samun wannan sani ba ta da wuya, haƙuri kawai take so. Matambayi ba ya ɓata, amma tambaya ma tana da ladabinta. Idan za ka je wurin tsoho, ka je da goro ko ɗan abin da ya sawwaƙa, ka gaishe shi sosai, ka zauna ƙasa, kada ka katse shi idan ya yi kwana ya shiga wani labarin, domin sau da yawa a kwanan nan ne abin da kake nema yake. Idan ya faɗi abin da ya saɓa da littafinka kada ka ƙaryata shi a gaban mutane, ka riƙe duka biyun ka ƙara bincike, saboda tsoho yana iya manta shekara, marubuci ma yana iya rubuta abin da bai gani ba. Ka saurari waƙoƙin makaɗan ƙasar nan irin su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da kunnen mai neman sani, akwai sunayen garuruwa da sarakuna da zuriyoyi a cikinsu waɗanda ba kowane littafi ya adana ba, kuma ɗan garin nan, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ya yi shekaru yana tattara irin wannan yana rubutawa. Wayar da ke hannunka ma tana da amfani a nan, ka nemi izini ka naɗi muryar tsohon, ka buɗe taswirar da ke cikinta ka bi gulbin nan da yatsa daga Funtuwa har Lakwaja.

Ka fara da gida. Ka sa baffanka ya zaga da kai gonar gado tun yana da ƙafar zagawa, ya nuna maka iyakarta ta gabas da yamma da kudu da arewa, da itacen da aka yi alama da shi, da sunan maƙwabcin kowane gefe, da yadda aka same ta, saye ne ko gado ko aro, ka rubuta a littafi da kwanan wata da sunayen waɗanda suka shaida, domin yawancin shari'un gona da ke raba ƴan'uwa a kotunanmu daga mutuwar wanda ya san iyaka suke farawa. Ka rubuta sunayen kakanninka iyakar inda aka sani, na uwa da na uba, da garuruwan da suka fito. Idan ka gama ka kawo mini littafin in duba, akwai sunaye biyu ko uku ta wajen mahaifiyarka da zan ƙara maka. Ka gaishe ta da kyau, ka gaida ƙannenka, Allah ya tsare hanya.